Ƙasar da Baba Ya Kwashe

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Baba ya riga mu komawa a kakar da ta wuce, ana tsakiyar yankan gero, bayan ya yi jinyar karayar ƙugu tun cikin damina. Na zauna rubuta wannan ne don jikokinsa su san irin mutumin da aka yi, don kuma akwai maganar da ta tsaya min a maƙogwaro tun ranar da aka kai shi, irin wadda ba a faɗa a zaman makoki.

Ranar sadakar uku gidan ya cika har bakin turken awaki. Mata suna ta shigowa yi wa Inna, mahaifiyarmu, gaisuwa a ɗakinta, kuma kowacce sai ta tsaya a bakin ƙofa ta tattare zani, ta dafa bango, ta yi bismilla, sannan ta hau. Hawa nake cewa, don daga tsakar gidanmu zuwa dokin ƙofar Inna ya kusa kai gwiwar babban mutum. Haka ƙofar Baba take, ɗakunan a jere suke. Gwaggo, ƙanwar Baba, sai da muka kama ta hannu bibbiyu muka jawo ta ciki. Ta zauna tana haki, ta ce, "Kai, wannan ƙofa taku sai ka ce hawa rumbu!" Da numfashinta ya dawo sai ta share hawaye da bakin mayafi ta ce, "To, a yi haƙuri. Ɗan'uwana kwanansa ne ya ƙare. Ko a kan katifa yake, in ranar ta zo sai ya tafi."

Ɗaki ya amsa da "Haka ne, wallahi." Wata ta ce tsufa ne. Wata ta ce ai ya yi sa'a, ya ga jikoki. Wata tsohuwa da ta zo tun daga Zakirai ta matso ta raɗa min a kunne ko mun sa an duba mana, don a ce dattijo ya faɗi a ƙofar ɗakinsa, da wuya in babu hannun wani a ciki. Na dube ta, na dubi ƙofar da ita kanta ta hau da rarrafe, na ce mata mun gode da zuwa.

Daga zaure kuma ina jiyo maza suna yabon gonarsa. Wannan ya ce bai taɓa ganin geron Malam ya yi ja ba, ko a shekarar da ruwa ya yi gardama. Wancan ya ce in kana son sanin iyakar gonarsa ba sai ka tambaya ba, launin ƙasa zai nuna maka. Liman ya ce mutum ne mai haƙuri, wanda bai taɓa ɗora wa kowa nauyinsa ba. Duk gaskiya suka faɗa. Wannan rashin ɗora wa kowa nauyi kuwa shi ne ya ƙona min rai shekara da shekaru.

Ni ma na san kwana ne. Musulma ce ni, ban taɓa ja da wannan ba. Amma wanda Ya rubuta kwanan Shi ne Ya ba mu ido da shebur. Baba ya tafi, babu mai dawo da shi. Inna kuwa tana nan, ta fi shi raunin ido, kuma ranar da ake ta cewa kwana ne, ƙofarta tana nan yadda take.

Wanda bai san gidanmu ba zai ɗauka magini ne ya yi mugun aiki. Ba magini ba ne. Baba ne ya yi abinsa da hannunsa, kuma ba da gangan ba.

A wajenmu, nan arewacin Kano, gona ba ta hutawa. Gidaje sun yi yawa, gonaki sun matsu, babu mai filin da zai bari ya yi saura ko na damina ɗaya. Don haka da rani kowa yana kwashe takin gidansa, ya loda a mangala, jaki ya kai gona. Kowa yana yi, amma kowa yana tsayawa inda takin ya ƙare. Baba ba ya tsayawa. In ya kwashe na turke, ya kwashe tokar murhu da sharar juji, sai ya kafa fartanya ya kankare ƙasar da ke ƙarƙashi, yana cewa ƙasar da akuya ta yi wa fitsari ta fi takin buhu sau goma. Daga turke ya matso wurin da ake wanke-wanke, daga nan ya matso inda kaji ke kwana, har ya zamana babu inda fartanyarsa ba ta taɓa ba a tsakar gidan. Inna ta ce lokacin da aka kawo ta amarya, in ta share ɗaki da tsintsiya take turo sharar waje, don ɗaki da tsakar gida kusan daidai suke. A hankali tsakar gidan ta yi ta nutsewa, ɗakuna suka tsaya a sama. Da ruwa ya fara kwanciya da damina sai ya ƙara wa rariya zurfi, ƙasar da ya tono ita ma ta tafi gona.

Da ƙofarsa ta fara yi masa nisa, sai ya ɗauko tsohon dutsen niƙan mahaifiyarsa ya ajiye a matsayin matakala. Dutse ne da aka yi shekaru ana niƙa a kai, sannan aka yi wasu shekarun ana takawa. Ya yi sumul, in ya jiƙe ko kaza ba ta tsayawa a kansa. A ƙofar Inna kuma ya ajiye rabin bulo.

Ban taɓa ganin mai son gona irin Baba ba. In Inna za ta watsar da ruwan wankin hatsi, sai ka ji muryarsa daga zaure: "Kada ku zubar, gona na so." Ɓawon gyaɗa, gona na so. Gashin kazar da aka fige, gona na so. Muna yara, in ba ya kusa, sunan da muke kiransa ke nan, Gona-na-so, kuma na tabbata ya sani. Ko daga masallaci yake dawowa ya ga kashin jaki a hanya, sai ya ture shi da ƙafa zuwa gindin danga, inda zai dawo ya same shi. In an sauke taki a gona, ni yake ɗorawa a kan jakin mu dawo gida, yana riƙe da ƙafata ɗaya, yana nuna min gonakin mutane yana faɗa min wanda ya yi ƙoƙari da wanda ya yi lalaci. Har yau in na ji warin taki da rani sai zuciyata ta karye.

Akwai wata maƙwabciyarmu da mijinta, aminin Baba, ya rasu ya bar ta da 'yar gona. Kowace shekara lodin farko na takinmu gonarta yake zuwa. Baba zai sauke ya juyo bai ce da kowa komai ba. Ita kuwa ta ɗauka surukinta ne ke yi, ta yi ta yawo gida-gida tana sa masa albarka, shi ma surukin bai taɓa musawa ba. Abin ya ci wa Inna rai. Ta ce, "Malam, jakinmu ne ke wahala, ana yabon wani." Baba ya ce, "Geron ya yi kyau?" Ta ce ya yi. Ya ce, "To, me kuma kike nema?"

Da gwiwoyinsa suka fara ciwo, aka ce ya riƙe sanda, ya ce sanda ta tsofaffi ce. Sai ya ɗauki sungumi, doguwar fartanyar nan ta shuka, ya mai da ita abin dogarawa. Da rani tsaka, babu ko alamar hadari, sai ka ga Baba ya nufi kasuwa da sungumi. Abokan wasansa su ce, "Malam, shuka za a yi?" Ya ce, "Wuri nake dubawa."

Ni aure ya kai ni wani ƙauye da ba shi da nisa, don haka nakan leƙo gida a kai a kai. Wata rana na shigo na tarar yana fitowa daga ɗaki. Da baya yake saukowa, ya riƙe gefen ƙofa da hannu biyu, ƙafarsa ɗaya tana lilo tana laluben dutsen. Gabana ya faɗi. Na jira har ya zauna, na gaishe shi, sannan na ce, "Baba, da an cike gaban ƙofar nan."

"Me ya same ta?"

"Ta yi tsayi."

"Tun ba a haife ki ba nake shiga ina fita."

"Lokacin ba ta kai haka ba. Ga kuma gwiwarka."

Ya dube ni ta gefen ido ya ce, "Gwiwar tawa ce ta kai miki ƙara?"

Na koma wurin Inna na ce to, bari a fara gyara tata. Ita lokacin ta daina sauka a tsaye, zama take yi a dokin ƙofa ta zamo a hankali. Ta kama baki ta ce, "A gyara tawa a bar tasa? Mutane su ce me? Ki bar shi, namiji ne. Ranar da ya ga dama zai yi magana."

Wa zai yi wa maganar? Mu biyu ne muka rayu cikin waɗanda Inna ta haifa, ni da Yaya. Yaya shi ne ɗan fari, kuma Baba mutumin da ne, mai kunyar ɗan fari har ƙashi. Bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa duban tsakar idonsa ba, bai taɓa cewa ya miƙo masa ko buta ba. Mutumin birni yake ce masa, don yana zaune a Rijiyar Zaki yana harkar dabbobi. In Yaya ya zo, zai tsuguna a zaure, su gaisa kowa yana kallon tabarma, a tambayi ruwa, a tambayi awaki, shi ke nan hira ta ƙare. Suna son juna, wannan ko makaho ya sani. Amma Yaya ne kaɗai zai iya kawo mai aiki gidan a ce ɗa ne ke gyara gidan ubansa, shi kuwa ba zai taɓa komai ba sai Baba ya ce, Baba kuma ba zai ce ba. Ni da nake da bakin faɗa, an ce ina gidan wani.

Na kira Yaya a waya har na gaji.

"Yaya, ƙofar Baba fa."

"Ya ce a gyara?"

"Ka san ba zai ce ba."

"To, ni in tashi in je in fara aiki a gidansa bai sa ni ba? Ya ce na ga ya tsufa, na fara cin gado yana raye?"

"Gara ya ce haka da ya karye."

"Ke dai ba kya iya bakinki. Ki ce Allah Ya kiyaye."

Kada a ce Yaya marowaci ne, ko kusa. Aike yake yi kamar ba gobe. Ya aiko da keken guragu sabo fil, mai ƙyalli. Ko a tsakar gida ba ya tafiya, tayoyinsa nutsewa suke a rairayi, balle ya hau ƙofar da mutum mai ƙafa biyu ke hawa da addu'a. Baba ya zagaya shi sau ɗaya ya ce Allah Ya yi albarka, Inna ta samu wurin shanya kuɓewa. Da sallah ta matso Yaya ya sa aka yi wa zaure siminti da fenti, aka sa ƙofar ƙarfe. Zaure na baƙi ne, ana iya taɓa shi ba tare da an ce da mai gida ya tsufa ba. Duk wanda ya wuce sai ya ce Malam ya haifi ɗa. Ni kuwa in na shigo ta wannan kyakkyawan zaure na hango dutsen nan, sai in ji kamar in kurma ihu.

Da na ga magana ba ta yi, sai na roƙi maigidana ya samo min amalanken burji, jar ƙasar nan mai tsakuwa. Muka zaɓi ranar kasuwa, don in Baba ya dawo ya tarar an gama, iyaka ya yi faɗa ya haƙura. Ashe ranar gwiwa ta hana shi isa kasuwar, ya juyo daga hanya. Shanun amalanken suna tsaye a ƙofar gida, mai amalanke ya ɗaga shebur ke nan, sai ga Baba da sunguminsa.

"Wa ya mutu?" in ji shi.

Mai amalanke ya sauke shebur.

"Na ce wa ya sa a kawo ƙasa gidana?"

Na fito na durƙusa na ce, "Ni ce, Baba."

"A gidan mijinki ƙofofi sun ƙare ne?"

Ranar ce kaɗai a rayuwata na ɗaga masa murya. Na ce, "Baba, so kake sai ka faɗi? So kake sai an kwashe ka?" Maƙwabta sun fara leƙowa. Shi kuwa ko gezau. Ya ce, "Ranar da na kasa hawa ƙofar ɗakina, ranar ku kai ni inda ba a hawa." Ya juya wurin mai amalanke ya ce akwai kwari a gaban masallaci da ke tara ruwa, tsofaffi suna shan wahala, a kai can. Tsofaffi! Ranar Juma'a aka yi ta yi masa godiya, har da addu'a ta musamman.

Na yi fushi na ɗauke ƙafa. Ba a daɗe ba sai ga aike, ƙullin gyaɗa soyayya irin wadda nake so tun ina yarinya, da saƙon cewa a gaida Mai Burji, a ce mata gidan ubanta bai tashi ba. Daga ranar sunana ke nan a bakinsa. Na koma, muka ci gaba kamar ba a yi ba, dutsen ma ya ci gaba da zamansa.

Ranar da abin ya faru, an yi ruwa da hantsi ya ɗauke. Aka kira azahar, Baba ya fito zai yi alwala. Inna ta ce ta ji ƙara kamar an yar da dami. Kafin ta zamo daga tata ƙofar ta isa wurinsa, ta tarar da shi kwance a cikin taɓo, ƙafarsa ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Abin da ya fara ce mata shi ne, "Rufe ƙofar gida, kada a gani."

Aka kira mai ɗori, aka kai shi asibiti a birni, aka dawo da shi. Bai sake tsayawa da ƙafarsa ba. Maza suka ɗauke shi a tabarma suka haura da shi ta kan dutsen nan, suna ce wa juna, "A hankali, wurin da santsi."

Ban san abin da ya fi cin manomi rai kamar ya kwanta da damina yana jin ƙarar fartanyar wasu ba. Duk wanda ya shigo duba shi, kafin a tambaye shi jiki ya riga ya tambayi gero. Ya fitar da kai? Tsuntsu bai sauka ba? Da geron ya fara nuna, sai ya sa na karyo masa zangarniya ɗaya, ya yi ta shafa ta da yatsa yana murmushi. Amma in aka zo ɗaga shi don a gyara masa shimfiɗa, sai ya rufe ido ya juyar da kai. Mutumin da bai yarda a gan shi da sanda ba, ga shi ana juya shi kamar jariri. Na yi kuka a bayan ɗaki har na rasa hawaye, rabi tausayi, rabi haushi.

Wata rana da la'asar Yaya ya zo, yana zaune daga bakin ƙofa kansa a sunkuye, ni ina gefen shimfiɗa ina yi wa Baba fifita. Sai ga Inna ta kawo kunu. Ta fara ɗora kwanon a kan dokin ƙofa, ta tura shi ciki, sannan ta dafa da hannu biyu ta hau da gwiwa. Yaya ya yunƙura zai kama ta, ta kauce, don ita ma kunyarsa take ji. Baba yana kallon duk wannan. Ina jin ranar ce ya fara ganin ƙofar daga inda muke ganinta.

Da ta fita, ya juya fuskarsa bango ya ce, "Mai Burji."

"Na'am, Baba."

"Ki gaya wa mutumin birni, in ya samu hali, a duba ƙofar innarku."

Na ce, "Baba, ga shi nan a zaune. Ka gaya masa."

Bai juyo ba. Ina jin numfashinsa. Can ya ce, "Na ce ki gaya masa."

Na juya wurin mutumin da ke zaune inda zan iya taɓa shi da mafici, na ce, "Yaya, Baba ya ce a duba ƙofar Inna." Hawaye suna ɗiga a gaban rigarsa. Ya ce, "To." A sanina wannan ce magana mafi kusa da suka taɓa yi da juna.

Na ɗauka an gama. Ina! Yaya ya ce a bari ruwa ya ɗauke, siminti ba ya son damina. Kafin ruwa ya ɗauke Baba ya rasu. Aka ce a bari a yi arba'in. Aka yi arba'in, sai Baffa, ƙanin Baba, wanda gidansa ke jingine da namu, ya ce mace tana takaba ba a shigo mata da maza masu aiki. Ya ƙara da cewa gidan yanzu na gado ne, ba a raba ba, kada wanda ya sa masa hannu. Yaya kuma ya ce shi ba zai yi wa Inna aikin ƙasa ba, matakala zai sa a yi mata ta siminti, da ƙarfen dafawa, irin ta asibiti, ya ma yi magana da wani magini. Har yau da nake rubutun nan ban ga maginin ba. Kullum ana shirin yin mai kyau, tsohuwa kuma kullum tana zamowa a zaune.

Takaba ta ƙare, sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Wata rana na zo da hantsi, na shiga ɗakin Inna, na buɗe randar da na cika mata a zuwana na baya. Ruwan yana nan kusan yadda na bar shi. Na ɗauki moɗa, a bushe take ƙayau. Na dubi Inna da kyau, leɓɓanta duk sun tsage, idonta ya faɗa.

"Inna, ba kya shan ruwa?"

"Ina sha."

"Ina kike sha? Ga randa a cike."

Ta yi ta murza bakin zaninta. Da ƙyar ta ce, "In na sha, sai na fita. In zan fita, sai na sauka." Ta dubi ƙofar, sannan ta ce, "Ba na so a zo a same ni yadda na same shi."

A cikin wannan zafi, uwar da ta haife mu tana zaune da ƙishirwa a gefen randa. Ban kira kowa a waya ba. Na ɗaura ɗamara, na ɗauki daro da shebur ɗin Baba, na fita gonar Baba da ke bayan gidanmu. Ƙasar baƙa ce, mai laushi, shebur yana shiga ba gardama. Na cika daro na ɗora a ka na shigo na juye a ƙofar Inna, na koma.

Ina cikin sawu na nawa ban sani ba, sai ga Baffa ya tare ni a bakin zaure.

"Ke, ƙasar gado kike ɗiba?"

"Ta gidan nan ce, Baffa. Gida nake mai da ita."

"Da izinin wa?"

"Baba ya ce a duba ƙofar Inna, a gabana ya faɗa. In an zo rabo a cire a nawa."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai ga matarsa ta fito daga bayansa da nata daron a ka, ta ce, "Malam, matsa mana hanya." Ya matsa. Kafin azahar matan maƙwabta sun shigo, wata da tulu, wata da madaɓi, wata ta kawo jar ƙasar da za a ɗora a sama da ruwan makuba don ta kama. Muka zuba, muka yayyafa, muka daɓe, muka yi mata gangare mai sauƙi tun daga dokin ƙofa har tsakar gida. Muka kafa guntun azara a gefe don dafawa.

Ba a kira la'asar ba mun gama. Abin da ya karya ni ke nan. Na zauna a kan turmi, hannuna duk taɓo, na fashe da kukan da ban yi ba ko ranar da aka fita da Baba. Shekaru ina roƙo, ina waya, ina faɗa da ubana a gaban maƙwabta, a kan aikin da bai cinye yini ɗaya ba. Allah Ya ji ƙan Baba, Ya gafarta masa, Ya sassauta masa ƙasar da ke kansa, shi da ya ƙare rayuwarsa yana kyautata wa ƙasa. Ya sa ladan kowane lodi da ya sauke a gonar da ba tasa ba ya tarar da shi. Taurin kan nan nasa kuma, Allah Ya yafe masa, ni dai na yafe.

Muka shimfiɗa tsohon buhu a kan ɗanyen daɓen. Inna ta leƙo, ta kama azarar, ta ajiye ƙafa ɗaya, ta ajiye ɗayar. Ta sauko a tsaye. Ta tsaya a tsakar gida ta ce a miƙo mata ruwa, ta shanye moɗa guda ba ta sauke ba, ta ce a ƙara.

Sannan ta goge baki, ta juya ta dubi ƙofar Baba, wadda ke rufe tun ranar da aka fita da shi.

"Saura nan," in ji ta.

Na ce, "Inna, ai babu kowa a ciki."

Ta ce, "Na sani."

Na ɗauki darona na koma gona.